Darasi na 12: Daidaiton Ƙwayoyin Batir da Lafiyarsu

Duk wanda ya taɓa buɗe gaban tsohuwar mota ya san batir mai murfi shida. Kowane murfi ɗaki guda yake rufewa, mai ruwan batir da farantan dalma, kowane ɗaki yana ba da bolt 2, shidan su haɗu su ba da 12. Masu cajin batir na bakin tasha a Nguru da Gashuwa sun daɗe da sanin hukuncin: idan ɗaki guda ya mutu batir ya mutu, ko da sauran biyar ɗin lafiyarsu ƙalau. Wannan ɗaki shi za mu riƙa kira ƙwaya, masu gyara kuma su ce sel. Batirin motar lantarki ma a kan wannan hukunci yake tafiya, sai dai ƙwayoyinsa na litiyam ne, suna da yawan gaske, kuma ba sa yafe ganganci kamar na dalma.

Motar lantarki ba ta cika titin Nguru zuwa Gashuwa ba tukuna, amma tana matsowa. A 2021 hukumar NADDC, lokacin shugabancin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas ya mayar da su masu caji. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, gwamnatin Borno ta fito da tasi masu lantarki a Disambar shekarar. Abin da ya riga motar isowa garuruwanmu shi ne batirinta. Irin ƙwayoyin da ke ƙarƙashin motar, su ne a akwatin sola na mai shagon cajin waya, da na mai sayar da ƙanƙara, da cikin babura da kekuna masu caji. Wanda ya fahimci akwati mai ƙwaya 16 ya fahimci mota mai ƙwaya ɗaruruwa.

Alkaluman da ya kamata a riƙe

Ƙwayoyin litiyam da za ku fi haɗuwa da su iri biyu ne. Na farko ana rubuta LFP ko LiFePO4 a jikinsu. Kowace tana zama a kan bolt 3.2, ta cika a 3.65, kuma ba a so ta sauka ƙasa da 2.5. Su ne suka fi yawa a batiran sola da ƙananan motocin da ke zuwa daga Sin, sun fi jure zafi, sun fi wuyar kamawa da wuta. Na biyu su ne NMC da danginsu, irin na kwamfutar hannu da motoci masu dogon zango: suna zama a wajen 3.7, su cika a 4.2, su ƙare a kusa da 3. Sun fi ɗaukar wuta a ƙaramin jiki, amma sun fi saurin fushi.

Ana jera ƙwayoyin ne kai da gindi, don ƙarfinsu ya taru. LFP 4 su ne batir mai 12, guda 8 mai 24, guda 16 kuma mai 48, wanda a gaskiya 51.2 ne idan aka lissafa. Motar Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a 2010, tana da ƙwaya 192, an haɗa su bibbiyu a hawa 96. Tesla Model S mai kilowat-awa 85 tana da ƙanana 7,104, su ma a hawa 96. Lambar da ake rubutawa da Ah kuwa, kamar 100Ah, ita ce girman cikin ƙwayar, wato yawan wutar da za ta iya ɗauka.

Tunda a jere suke, duk wutar da ta shiga ta farko ita ce za ta ratsa ta ƙarshe, ba ragi ba ƙari. Ku ɗauka kurar mai ga-ruwa ce da jarka 16, da famfo mai baki 16 amma makunni ɗaya, kowane baki yana zuba daidai da ɗan'uwansa. Doka biyu ce ke kan wannan kura. Da zarar jarka ɗaya ta cika, a rufe famfon gaba ɗaya. Wajen juyewa ma bai ɗaya ake juyewa, kuma da zarar ɗaya ta ƙafe, a tsaya. Yanzu idan jarka ta 7 ta fara da ƙarancin ruwa, sauran za su cika a rufe famfo ita ba ta kai ba, wajen juyewa kuma ita za ta fara ƙafewa alhali sauran da ragowar ruwa. Idan kuma jarkar lotsewa ta yi cikinta ya ragu, ita za ta fara cika, ita za ta fara ƙafewa. Ta kowace hanya dai, jarka guda ta rage wa mai kura ciniki.

Cuta biyu masu kama da juna

A nan ne yawancin masu batir ke asarar kuɗi, don haka za mu ɗan daɗe.

Cuta ta farko ita ce rashin daidaito. Ƙwayoyin duk lafiyarsu lau, kowace tana iya ɗaukar 100 ɗinta, amma ɗaya ta zauna a baya da 10. Idan sauran sun cika, ita tana 90. Idan aka ja 90, ta ƙare, batir ya ɗauke. Mai shi zai rantse batir ya tsufa, nan kuwa wuta ce a ciki da ba a kai gare ta ba. Wannan yana warkewa sarai.

Cuta ta biyu ita ce rauni. Ƙwayar ta tsufa, cikinta ya koma 80. Duk dabarar da za a yi, batirin nan gaba ɗaya ya zama mai 80, har sai an canza ta. Daidaitawa ba ta mayar da tsohuwa yarinya, duk wanda ya karɓi kuɗinku a kan haka ya ci ku ne.

Yaya ake bambancewa? A auna kowace ƙwaya sau biyu, lokacin da caji ya kusa cika da lokacin da batir ya kusa ƙarewa. Wadda ta fi kowa ƙasa a duka lokutan biyu, baya aka bar ta. Wadda ta fi kowa sama wajen cika, ta kuma fi kowa ƙasa wajen ƙarewa, ita ce mai rauni. Akwai kuma wadda take daidai da 'yan'uwanta a zaune, amma da an taka totur ko firji ya tashi sai ta faɗi warwas, a saki ta dawo. Kafin a yanke mata hukunci a duba notin da ya ɗaure ta. Noti mai sako-sako, ko bakin ƙarfe da ya yi tsatsa, yana nuna wannan alama, yana kuma zafi idan an daɗe ana aiki. Gargadar hanya na kwance noti, kuma ɗaure noti ya fi sayen ƙwaya sauƙi.

Kada a auna ƙwayar LFP a tsakiyar caji a ce an gano wani abu. Daga wajen kashi 20 har zuwa 80 da ɗoriya, bolt ɗinta na nan tsakanin 3.2 da 3.3 da 'yan kai, da kyar yake motsi. Mai rabi da mai kusan cika, a mita kamar tagwaye suke. Halinta na gaskiya sai a bakin cika ko bakin ƙarewa yake fitowa.

Haka kuma jimillar da inbata ko allon keke ke nunawa tana ɓoye laifi. Ku ɗauki biro ku gwada. Idan allo ya nuna 55.2, yana iya zama ƙwaya 16 ne kowace a kan 3.45, lafiya lau ke nan. Yana kuma iya zama 15 ne a kan 3.42, ɗaya kuma ta haura 3.90, ta wuce iyakarta tana dahuwa. Idan ya nuna 48, ko dai kowace tana 3.0, ko kuma 15 suna 3.05 ɗaya ta nutse zuwa 2.25. Allo ɗaya, lamba ɗaya, amma ɗayan batirin yana hanyar lalacewa.

Ɗan allon da ke gadi

Saboda haka ne kowane batirin litiyam na kirki yake da wani ɗan allo a ciki da ake kira BMS. Siraran wayoyi ne ke fita daga jikinsa zuwa kowace ƙwaya. Yana ganin bolt ɗin kowace, yana jin zafinsu, yana yanke caji idan ɗaya ta cika, ya yanke aiki idan ɗaya ta ƙare. Shi ne kuma ke daidaita su.

Yawancin waɗanda ke kasuwa, har da na motoci da yawa, hanya ɗaya suke bi: su riƙa zuƙe wuta kaɗan-kaɗan daga ƙwayoyin da suka yi gaba suna ƙone ta ta zama ɗumi, don ta baya ta cim musu. Zuƙar ƙarama ce ƙwarai, sau da yawa ba ta wuce amfiya 0.05 ba. Idan tazarar ta kai 10 kamar misalinmu na baya, 10 a raba da 0.05 ya ba da awa 200. Kuma a batirin LFP, galibin waɗannan alluna ba sa fara aikin sai ƙwaya ta kai wajen 3.4, wato dab da cika. Batirin da ke samun awa ɗaya kacal a wannan matsayi kowace rana zai yi fiye da wata shida kafin ya daidaita. Akwai wani nau'in mai tsada da ke ɗebe wuta daga mai yawa ya zuba wa mai kaɗan, da ƙarfin amfiya 1 ko 2, wanda zai gama wannan aiki cikin yini guda.

To ku dubi yadda muke aiki da batir a nan. Mai shagon caji tun hantsi wayoyi ke rataye, ga fanka, ga ɗan firji. Lokacin hunturu hazo ya rufe rana, ƙura ta kwanta a kan fanel. Batirinsa sai ya yi makonni bai ga cika ba, allon BMS bai samu damar aiki ko sau ɗaya ba, tazarar kuma tana ƙaruwa a hankali. Mai keke ma haka: ya sa caji lokacin azahar, da ya ga fasinja ya zare. Maganin ba na kuɗi ba ne. Sau ɗaya a mako a goge fanel, a rage kaya, a bar batir ya cika ya ƙara wasu awanni a jone. Kamfanin Tesla ma abin da yake gaya wa masu motocinsa na LFP ke nan, su cika su taf aƙalla sau ɗaya a mako. Masu NMC kuwa akasin haka ake ba su shawara: a tsaya a kashi 80 a ranakun da aka saba, a cika sai ranar doguwar tafiya, domin zama a cike yana tsufar da irin waɗannan.

Ga irin hirar da ake yi a gareji. Mai keke ya zo ransa a ɓace, ya ce, "Oga, allo yana nuna saura kashi 30, amma kafin in kai Jajimaji sai ya ɗauke ɗif. Don Allah ka cire mini wannan abin da ke yankewa, ka haɗa kai tsaye." Mai gyara na ƙwarai zai ce, "Malam, abin nan ba shi ya kashe maka keke ba, shi ya hana batirinka mutuwa. Bari mu ga wace ƙwaya ce ta sa shi yankewa." Mai neman na cefane kawai zai tsallake allon BMS ɗin, keke ya tashi, kowa ya yi murna. Bayan 'yan makonni ƙwayar da ake ta matsa wa ta kumbura, in an yi rashin sa'a ta tashi da wuta. A ganina babu aika-aikar da ta kai wannan a sana'ar batir.

Caja ma tana da nata. Batura biyu na iya ɗauke da lamba 72 a jiki, amma ɗaya NMC 20 ne da ke cika a 84, ɗayan LFP 24 da ke cika a 87.6. Aron cajar maƙwabci mai LFP saboda bakin ya shiga zai tura wa mai NMC kusan 4.4 a kowace ƙwaya. Cajar batirin dalma kuwa, musamman mai tafasa ruwa don daidaita ɗakuna, ba ta da hurumi a kan litiyam ko kaɗan.

Zafi

Littattafan Turai sun cika da gargaɗi kan sanyi da ƙanƙara. Wannan ba damuwarmu ba ce. Tamu ita ce watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi a Nguru da Gashuwa ke haura 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka nesa. Shekarun da kamfani ya rubuta a takardar batir a zafi 25 aka gwada su. Ƙiyasin da masana ke aiki da shi shi ne, kowane ƙarin 10 yana kusan ninka saurin tsufan ƙwaya.

An ga wannan a fili a birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka, wurin da zafinsa ya yi kama da namu. A 2012 masu Nissan Leaf na can suka fara kokawa cewa batiransu na raguwa tun motocin ba su shekara biyu ba. Batirin Leaf ba shi da ruwan sanyaya, iska kawai ya dogara da ita. Daga baya kamfanin ya ƙara garanti a kan raguwar batir. Motoci da yawa na yanzu suna da bututun ruwa da ke ratsa tsakanin ƙwayoyi, kuma ga mai niyyar sayen mota a arewacin Yobe, tambayar yadda batir ke shan sanyi ta fi tambayar launi da kujeru muhimmanci.

Zafi ba ya raba kansa daidai. Ƙwayoyin tsakiyar akwati sun fi na gefe dahuwa, haka wadda ke jikin inbata ko bangon yamma da rana ke duka. Wadda ta fi shan zafi ta fi saurin tsufa da zubar da wuta a zaune, daga nan tazara ke farawa. Don haka a ajiye akwatin sola a ɗakin da ya fi sanyi, ɗakin ƙasa ya fi na kwano, a ɗaga shi daga daɓe, a bar masa sarari ta kowane gefe. Keke ko mota a nema musu inuwa. Wanda ya dawo daga doguwar tafiya da rana tsaka ya bari batir ya huce kafin ya jona caji, kuma caji a hankali da dare ko da asuba ya fi mai sauri da azahar. Mai tafiya ci-rani ko aikin Hajji ya bar batirinsa a wajen rabi, a kashe, ba a cike ba kuma ba a ƙarshe ba.

Sayen na hannu

Lafiyar batir ana faɗinta ne da kashi cikin ɗari na abin da yake ɗauka yana sabo. Mai 100Ah da yanzu 85 yake bayarwa, lafiyarsa kashi 85 ce. Garantin da kamfanonin mota suka fi bayarwa shi ne shekara 8 ko kilomita 160,000, a kan cewa ba zai sauka ƙasa da kashi 70 ba. A allon Leaf akwai 'yan sanduna 12 na lafiyar batir, daban da na caji, kuma ta farko na ɓacewa ne idan an rasa wajen kashi 15. Ƙarƙashin sitiyari akwai wani soket da ake cusa ƙaramar na'ura, ta aika wa waya bayani, sai manhaja irin su LeafSpy ta zana dukkan hawa 96 a jere kamar haƙoran mataji. A batir mai lafiya kawunansu kusan a layi ɗaya suke, bambancin bai wuce 0.01 zuwa 0.03 ba. Idan an ga guda ta nutse ita kaɗai, musamman caji ya yi ƙasa, to a sake ciniki ko a haƙura. Tsakanin Nguru da Gashuwa ya haura kilomita 60. Motar da aka ce tana cin 150 tana sabuwa, idan lafiyarta ta koma kashi 70 saura 105, ba za ta kai ku ta dawo da ku ba, balle a kunna na'urar sanyaya.

Batiran sola da yawa yanzu suna nuna ƙwayoyinsu a waya ko a ɗan allon gaba. Mai sayarwa da ya hana a duba ya riga ya ba ku amsa. A yi hattara da akwatunan da aka harhaɗa da tsoffin ƙwayoyin kwamfuta ko ragowar wasu batura, kowace da shekarunta da girman cikinta. Araha ba ta ado. Idan kuma canza ƙwaya ta kama, a nemo irinta a nau'i da girma, a kai ta matakin cajin sauran kafin a ɗaura. Ko a batiran dalma huɗu da aka jera don 48, sa sabo ɗaya cikin tsofaffi uku ba ya daɗewa.

Batirin motar lantarki na ɗauke da bolt 350 zuwa 400, wasu ma sun fi, kuma wayoyinsa masu ruwan lemo ne don a gane su. Yana kisa nan take, ba a buɗe shi sai wanda ya koyi aikin yana da safar hannu ta musamman. Mai 48 ma, sifana ta faɗa tsakanin bakinsa biyu za ta narke, don haka a cire zobe da agogo, a naɗe kayan aiki da tef. Ƙwayar da ta kumbura, ko take zafi ba a aiki, ko take wani wari mai zaƙi-zaƙi, a fitar da batirin fili nesa da zana da kara. Wanda ambaliya ta shanye, abin da mutanen bakin kogin Yobe suka sani da damina, kada a kunna shi don ya bushe a ido, yana iya kamawa bayan kwanaki. Ba a caji a ɗakin kwana ko a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita, kuma hayaƙinsa guba ne.

Aikin yi

Batir mai ƙwaya 8 na LFP ya kusa cika, bakwai suna 3.44, ta 5 tana 3.62. Da ya kusa ƙarewa, bakwai suna 3.12, ta 5 tana 2.70. Wace cuta ce, kuma me za ku gaya wa mai shi? Da a ce wajen cikar 3.33 ta nuna, me zai canza a amsarku?

Allon da ke zuƙar amfiya 0.05 awa nawa zai yi kafin ya rufe tazarar 4Ah?

Kafin haɗuwa ta gaba, kowa ya nemi izinin wani mai batirin sola da ke nuna ƙwayoyinsa a allo ko a waya. Ku rubuta lambar kowace ƙwaya da la'asar, ku sake rubutawa da asuba, ku kuma lura da ɗakin da aka ajiye shi da irin rufinsa. Karantawa kawai za ku yi, kada wanda ya kwance ko noti ɗaya. Ku zo da takardar aji mu duba tare.